Mun kafa kulob ɗin tseren ƙanƙara a garinmu na Alberta

Duk mai shirin zuwa Kanada, da sanyi ake fara tsorata shi. A nan Alberta kam akwai ranakun da yake kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, amma riga mai kauri tana maganinsa. Abin da ya fi damuna zaman ɗaki ne. Daga Nuwamba har Maris yara daga makaranta sai gida, a Disamba magariba na yi tun kafin ƙarfe biyar, maƙwabci kuma sai dai ku ɗaga wa juna hannu ta gilashin mota.

'Yata ce ta kawo maganar. Makarantarsu ta kai su Calgary suka ga Olympic Oval, filin tsere mai rufi, inda ake gudu a kan ƙanƙara da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasansu, da aka gina a harabar Jami'ar Calgary domin gasar Olamfik ta hunturu ta 1988, zagayensa mita 400. Tana dawowa ta ce, "Abba, irin wannan gudun nake so." Garinmu ƙarami ne, tafiyar kusan awa biyu daga Calgary. Filin ƙanƙara muna da shi, na hoki, wasan da ake bugawa da sanduna a kan ƙanƙara, amma kulob ɗin tsere babu.

Wata uwa 'yar asalin garin, wadda ta yi tseren tana yarinya, ita ta fahimtar da ni cewa ba sai da ƙaton fili ba. Akwai tseren gajeren zagaye, mita 111 da 'yan kai, wanda ake shata wa hanya a kan filin hoki, kuma tun 1992 ake ba da lambar yabo a kansa a Olamfik. Ta ce iyaye kawai take nema. Dokar ƙungiyoyi ta Alberta tana buƙatar aƙalla mutum biyar kafin a yi wa ƙungiya rajista, na zama ɗaya daga ciki, aka ɗora mini ma'aji saboda aikin lissafi na yi a Kano.

A kujerar nan na gane inda kuɗi ke tafiya. Ƙanƙara hayarta ake yi awa-awa, lokuta masu kyau kuma 'yan hoki sun riƙe su tuntuni, mu sai sassafen Asabar muka samu. Takalman tsere dole kulob ya mallaka ya riƙa ba da haya, domin ƙafar yaro ba ta jiran kowa, ba kuma za ka ce wa wanda ya zo ƙasar jiya ya saya wa ɗansa takalmin wasan da bai taɓa gani ba. Ga hular kwano, ga kariyar wuya, ga safar hannu da ƙarfen takalmi ba ya yankawa. Sai uwa uba katifun da ake jerawa jikin bango a kwanoni, saboda yaron da ya zame da gudu kada ya daki katako. Idan babu su ba a horo mai sauri, kuma su suka fi komai tsada.

Tallafi akwai, ba zan ɓoye alheri ba. Ƙungiyar agaji ta KidSport da shirin Jumpstart na kamfanin Canadian Tire suna taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin rajistar yara, kuma na cika wa iyaye da dama takardun, 'yan Sudan da Somaliya da Filifin. Shiga ƙarƙashin ƙungiyar wasan ta lardin Alberta da ta ƙasa baki ɗaya, wato Speed Skating Canada, ya ba mu inshora da hanyar horar da koci. Sai dai tallafin KidSport da Jumpstart yaro yake bi, ba kulob ba. Manyan tallafi kuma galibi suna so su ga ƙungiya ta jima tana aiki, wasu ma sai ka kawo naka kason tukuna. Ina sabon kulob zai samo tarihi? Shekarar farko, wadda aka fi buƙatar hannu, ita ce aka fi barin mutane su kaɗai, kuma a ganina nan ne ya kamata masu ba da tallafi su gyara. Wani tsohon kulob ne ya cece mu, ya ara mana katifu da takalman da yaransu suka girme wa.

Akwai hanya ɗaya da ta tsaya mini a rai. A Alberta ƙungiyoyin sa kai da yawa suna samun kuɗi ta gidan caca: hukuma ta ba ƙungiya ranakunta, 'ya'yan ƙungiyar su je su yi aiki, a ba ta kaso. Da aka kawo shawarar a kwamiti na faɗa musu a fili cewa addinina bai yarda ba, ba zan je ba, kuma ba zan riƙe wannan kuɗin ba. Na zaci za a yi tsami. Suka saurara, suka tambaye ni dalili, aka ajiye maganar, ni kuma na ɗauki alkawarin nemo madadin. Na bi shagunan gari ɗaya bayan ɗaya ina neman masu ɗaukar nauyi, uwargida da ƙawayenta suka yi cincin da sambusa muka sayar a ranar buɗewa.

Aikin kamar gayya yake. Kafin kowane horo iyaye ne ke jan katifu su jera, bayan an tashi su kwashe, kuma a wajen jan katifar nan na san manomi da ma'aikaciyar jinya da direban babbar mota, mutanen da a yau sukan kira ni idan sun ji shiru. 'Yata tana sa ɗan hijabinta na wasanni a ƙarƙashin hular kwano. Na nuna mata Maame Biney, haifaffiyar Accra da ta wakilci Amurka a wannan tsere a Olamfik na 2018, tun daga ranar ta ƙara ƙaimi.

Katifun aro za mu mayar a ƙarshen wannan hunturu. Mun rubuta wa majalisar gari muna neman ragin kuɗin haya da wurin ajiyar kaya, mun kuma fara tara na katifunmu. Wata mai zuwa ni zan tsaya gaban majalisar in karanta lissafin.