Tsoho ba ya cewa yana jin ƙishirwa

Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, mu masu jinyar tsofaffi a gida mun san abin da ake ciki a Zariya. Ɗakin kwano da azahar, ga shi an ɗauke wuta, mai lafiya ma galabaita yake yi, balle wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Hajiyar da nake kula da ita a Tudun Wada ba ta neman ruwa da bakinta. Idan shekaru suka ja, jin ƙishirwa raguwa yake yi, sai jiki ya bushe mai shi bai sani ba. Wani lokacin kuma da gangan take ƙi, don kada ta yi ta tashina in kai ta bayi. Shi ya sa ba na tambayarta. Kofi nake miƙawa in ce, "Hajiya, a daure a kurɓa," bayan kowace salla da kuma tsakani. Ranar da ta ƙi, sai in yanko kankana ko in dama fura ruwa-ruwa. Fitsari nake dubawa: in ya ragu ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Amma fa mai ciwon ƙoda ko zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, kada a ɗura masa. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari kuwa, a yi wa likita maganar zafin nan idan aka je asibitin koyarwa na Shika ganinsa, kada a tsayar da maganin a gida. Insulin, maganin allurar masu ciwon sukari, shi ma ba ya son zafi, kada a bar shi a bakin taga.

Fanka ba ta isa ba in zafi ya kai digiri 40, iska mai zafi kawai take juyawa. Tawul nake jiƙawa da ruwan randa in goge mata wuya da hammata, in rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Mutanen cikin birni masu ginin ƙasa sun fi mu morewa a nan, in dai ba su rushe sun sa bulo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsoho ya fara sambatu, jiki zafi rau, 'yan gida su ce iska ce. A sanyaya shi, a nemi mota zuwa asibiti nan take. In wuya ya sandare, a tuna lokacin sanƙarau ne.

Ke kuma 'yar'uwa mai jinya, in kika faɗi wa zai ɗaga tsohuwar da kike jinya? Wanka da wankin zannuwa a gama kafin hantsi ya dubi ludayi. In kin yi gumi sosai har jiri ya fara, haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki zauna a inuwa ki sha a hankali.