Littafin bashin mai shayi: inda na kai, da yadda muke karanta rubutun juna

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon rubutun barkwanci. Ina fatan sanyin Jos na bana bai hana kowa riƙe biro ba.

Wasan da nake rubutawa ya kai fitowa ta huɗu. Ga wanda bai ji labarinsa ba, wani mai shayi ne a Bauchi Road da yake da littafin rubuta bashi, wata safiya littafin ya ɓace. Kafin azahar unguwa duk ta ji, sai ga masu cin bashi suna zuwa jaje ɗaya bayan ɗaya, kowa na rantsuwa shi kofi ɗaya kawai ake binsa, ba burodi ba ƙwai. Abin da ba su sani ba, yaron shagon ya haddace littafin kaf. Ina so wasan ya tsaya a shafi goma sha biyu, don a lissafin masu fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a gaban kyamara, gajeren barkwanci kuwa in ya yi tsawo sai ya huce.

Abin da ya fi ciyar da wasan gaba shi ne zaman karatu da muke yi, kuma a kansa nake son mu tsaya yau.

Ɗan kama idan ya tsaya a bakin kasuwa, nan take yake sanin ko maganarsa ta shiga, domin ga jama'a a gabansa, ko su fashe da dariya ko su watse. Yaran tashe ma haka ne: daga goma ga watan azumi suna bin gidaje, wasan da bai ba da dariya a gidan farko ba, kafin su kai na biyar sun gyara shi. Marubuci ba shi da wannan gatan, shi kaɗai ne da takardarsa. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa rubutun barkwanci ya sani an ɗauke shi ne a matsayin 'yan kallo, kuma babban abin da ake nema a wurinsa shaida ce: a ina ka yi dariya, a ina ka yi murmushi kawai, a ina hankalinka ya tafi wani wuri.

Ga misali daga fitowa ta biyu. Wani Alhaji ya ce wa mai shayi, “Wallahi ni ko ƙwai ba na ci, likita ya hana ni.” Sai yaron ya ce, “Haka ne Alhaji, tun ranar Talata. Na Litinin guda huɗu ne.” A rubutun farko yaron ya ci gaba da bayanin cewa da albasa aka soya, kuma Alhaji ya ce a rubuta. Da aka karanta da murya, wata 'yar'uwa ta ce, “Na yi dariya a ‘guda huɗu ne’, amma da yaron ya ci gaba da magana sai na haɗiye ta don in ji abin da zai ce.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce in cire komai ba, ba ta kawo tata maganar ba. Na koma gida na yanke layi biyu, kuma daga ranar na fara bin duk wasan ina duba cewa kalmar da ke ɗauke da dariya ita ce ta ƙarshe a bakin mai magana.

Irin wannan gyaran nake roƙon mu riƙa yi wa juna. Mai girki in ta ba ka ɗanɗano ta ce gishiri ya ji, amsarka e ko a'a ce, ba ka karɓe ludayin ka ce ta matsa. Da yawanmu da zarar mun ga rauni a rubutun wani sai mu fara “da ni ne da cewa zan yi kaza”, kafin a tashi wasan ya koma na mai gyara, mai shi kuma ya tafi gida da abin da bai san yadda zai ƙarasa ba. In kana da maganar da kake ganin ta fi tasa, tambaye shi tukuna ko yana so. Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu “ya yi kyau, Allah ya ƙara basira”. Addu'a muna so, amin, sai dai mutum ya kwana yana rubutu, ya cancanci a nuna masa layi ɗaya a ce nan ne ya yi kyau, ga kuma dalili.

Shi ma mai rubutun akwai nasa ladabin. Kada ya karanta da bakinsa, don ya san inda zai ja murya da inda zai ɗaga gira, zai rufe raunin rubutun da iya wasansa. Ya raba wa mutane, ya koma gefe da biro. In an wuce wurin da ya sa ran dariya aka yi tsit, ya sa alama ya yi shiru, ban da “ai abin da nake nufi shi ne”. Wannan tsarin mun koye shi ne daga wani ɗalibin Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke nan Jos, wadda take ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979. Alheri ne babba a ce makaranta irin wannan tana garinmu, ya kamata mu riƙa jawo ɗalibanta cikin zamanmu.

Sai maganar da ta fi nauyi a wurina. Kwanan baya wani ɗan'uwa ya kawo wasa mai kyawun tsari, amma dariyarsa duk a kan wani mutum take da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, kuma an ambaci ƙabilarsa. Na san abin da za a ce: ai wasa tsakanin ƙabilu gadonmu ne. Gaskiya ne. Bafulatani da Babarbare suna yi, Bakano da Bazazzagi suna yi, taubasai suna yi, jika da kaka ma haka. Amma wannan wasan yana da sharaɗi. Dangantaka ce da kowa ya san da ita, ɓangarorin biyu sun yarda, kuma wanda aka tsokana yana nan zaune zai rama. A rubutun wasa kuwa marubuci ne ke riƙe da bakin kowa, in bai ba mutumin damar ramawa ba, to ya fita daga wasa ya koma wulaƙanci. Mu kuma a Jos muke. Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Ibo da Yarbawa duk da Hausa muke ciniki da su a Terminus da Farin Gada, su ne 'yan kallonmu, su ne maƙwabtanmu. Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da raini ke haifarwa, kuma bidiyon minti biyu yana iya zagaye gari kafin la'asar.

Yadda aka faɗa wa ɗan'uwan da ya kawo wasan shi ya burge ni. Wani dattijo a cikinmu bai ce komai a gaban mutane ba. Da aka tashi ya ja shi gefe ya ce, “Ƙanena, in mutumin nan yana zaune cikin 'yan kallo da iyalinsa, zai yi dariya tare da mu?” Ɗan'uwan ya dawo da wasan a sake. Mutumin yana nan da irin Hausarsa, amma yanzu shi ne mai wayon, dillalin da ya raina shi ne ya sha kunya a cinikin buhun dankalin turawa. Dariyar ma ta fi ta da yawa. Da a cikin taro aka kira shi mai ƙabilanci, na tabbata da mun rasa shi da wasan gaba ɗaya.

Abu na gaba amana ce. Rubutun da aka ba ka don ka duba, ba naka ba ne da za ka tura wa aboki a waya don shi ma ya yi dariya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da zarar an sa shi a takarda, amma ba ta kare tunanin da ke bayansa. Wani zai iya jin labarin littafin bashin da ya ɓace, ya rubuta nasa da wasu kalmomi, ya riga ka ɗauka. Barkwanci kuma sau ɗaya yake zama sabo a kunne. Don haka kowa ya sa sunansa da kwanan wata a shafin farko, wanda ya karɓa kuma ya riƙe a wurinsa. In wani ya ba ka magana a zama ka sa ta a wasanka, ka sanar da shi, ka kuma ambace shi a godiya.

A zama na gaba wasan 'yar'uwarmu za mu karanta, na uwargida da mai ruwa da rigimar jarka. Ta roƙi kada a ba kowa kafin ranar, tana so ta ji dariyar farko da kunnenta. Muna neman mata biyu da za su riƙe muryar uwargida da maƙwabciyarta, da namiji ɗaya mai iya jan magana a hankali. Kowa ya zo da biro da rigar sanyi, bayan la'asar za mu fara in sha Allahu.