Asabar: shinkafa da madara irin ta Amish

Yau babu karatu, sanyin garin Lancaster da ke jihar Pennsylvania ta Amurka kuma ya ƙi sassautawa, sai na ce bari in leƙa kasuwar Central Market da sassafe kafin mutane su cika. Talata da Juma'a da Asabar kawai take ci, kuma tun 1730 ake cin kasuwa a wurin. Na sayo madarar shanu da ƙwai a hannun wata dattijuwa 'yar Amish, da farar hularta da doguwar rigarta mara ado. Amish wata al'umma ce ta Kiristoci, kakanninsu daga Suwizalan da kudancin Jamus suka taso, suka fara sauka a Pennsylvania a ƙarni na 18. Har gobe keken doki suke hawa, ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu, kuma da yawansu kiwon shanun tatsa suke yi. Shi ya sa girkinsu duk inda ka taɓa madara ce da ƙwai da bota.

Na tambaye ta yadda suke dafa shinkafar nan mai zaƙi da ake ci bayan abinci. Ta ce rabin kofin shinkafa, kofi 4 na madara, rabin kofin sukari, ƙwai 2, sai ɗan gishiri. Ta ƙara da cewa kada in rage wa madarar maiƙonta, kuma kada in yi nisa da tukunya.

Bayan azahar na ɗora. Wallahi in ka ga 'yar shinkafar nan tana yawo a cikin madara sai ka ce rowa aka yi. Hannuna har ya kai kan buhu, na dai daure. Ban wanke ta ba, domin farin garin da ke jikinta shi ne zai ba da kaurin. Wuta can ƙasa-ƙasa, cokalin katako a hannu, ina gogar gindin tukunya don kada ta kama. Wajen minti 30 babu abin da ya sauya sai tururi da ƙamshi. Daga nan ne shinkafar ta kumbura, madarar ta fara nauyi, har in na ja yatsa a bayan cokali sai layin ya tsaya bai haɗe ba.

Wurin ƙwai ne ake so a natsu. Na kaɗa shi da sukarin a kwano, na riƙa ɗibar madarar mai zafi da ludayi ina zubawa kaɗan-kaɗan ina kaɗawa, sai da kwanon ya yi ɗumi sannan na juye cikin tukunya. In aka zuba shi kai tsaye, gudaji zai yi. Minti biyu ina juyawa ban bari ta tafasa ba, na sauke, na sa banila da ɗan bota, na barbaɗa kirfa a sama. Da ruwa-ruwanta ake saukewa, tana hucewa take ƙara kamewa.

Ina cikin zubawa Umma ta kira ta bidiyo. Na haska mata kwanon, ta ƙura ido ta ce, "Ke 'yar nan, ai kunun gyaɗa kika dama, gyaɗar kawai kika manta." Na ce, "Umma, da ƙwai fa a ciki." Ta ce Allah ya kyauta.

Maigida ya ci da zafinta, ya nemi ƙari, wai da an sa zabibi da ta fi. Ni ban yarda ba. Zabibi yana danne ɗanɗanon madarar, kuma madarar ce duk abin. Ragowar na rufe na sa a firji. Gobe za ta daskare, sai na ɗan tsinka ta da madara kafin a ci.