Sau shida kacal: abin da na koya a dandamalin ɗaga ƙarfe

Sau shida kacal ake kiran sunanka a gasar ɗaga ƙarfe. Uku a fizga, wato ka ɗauko ƙarfen daga ƙasa ka kai shi saman kai a motsi ɗaya. Uku kuma a saɓa-da-tura, inda za ka fara saɓo shi a kafaɗa, ka miƙe, sannan ka tura shi sama. Mafi nauyin da ka ɗaga a kowanne ake haɗawa, jimillar ita ce makinka. In aka tara lokacin da hannunka ke kan sanda a duk shidan, da kyar ya kai minti biyu, kuma saboda wannan ɗan lokacin mutum yake shekara yana zufa.

Ni dai a lungun unguwarmu a Kaduna na fara, kamar yawancinmu: gwangwanin madara biyu cike da siminti, an soka bututun famfo a tsakiya. Burinmu ƙirji ya buɗe, dantse ya kumbura, riga ta matse ranar Sallah. Da wani abokina ya kai ni inda 'yan gasa ke atisaye, kocin ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna wata sandar mofa da ke jingine a bango.

"Kai yaro, ɗauko waccan."

"Koci, ai babu nauyi a jikinta."

"Shi ya sa na ce ka ɗauko."

Na daɗe ina fama da wannan sandar kafin ya bar ni na taɓa ta ƙarfe, mai kilo 20 (ta mata kilo 15 ce). Abu na farko da ya koya mini riƙo ne: ka naɗe babban yatsa a jikin sandar, sauran yatsu su danne shi. Zafinsa ba a magana, farce har baƙi yake yi, muna naɗe shi da filasta mu shafa alli mu ci gaba. Amma da wannan riƙon hannu ba ya kuɓucewa lokacin fizga. Na biyu, dantsen da nake taƙama da shi ba shi da wani aiki a nan. Ƙafa da kugu ke tashin ƙarfe, sandar ta bi jiki tana shafar cinya, in ta kai inda za ta kai sai kai ka nutse ƙarƙashinta da sauri, ka tare ta a tsugunne hannuwa a miƙe. Nan kam mun ci gado, don wanda ya tashi yana alwala a tsugunne yana cin tuwo a tsugunne ba ya shan wahalar sauka ƙasa. Wahalar tana wajen tasowa da kilo ɗari a kanka.

A ajin masu nauyin jiki har kilo 69 na yi gasa, kafin a sauya azuzuwan a 2018. A gasar farko da na shiga ne na gane cewa rabin wasan ba a kan dandamali ake yin sa ba. Awa biyu kafin a fara ake hawa sikeli, a nan kuma kake rubuta nauyin da za ka buɗe da shi. Daga nan ƙarfen da ke kan dandamali hawa kawai yake yi, ba ya saukowa. Wanda ya nemi mafi ƙaranci shi ake fara kira. In an kira ka, minti ɗaya gare ka, ko biyu in kai ne ka ɗaga na baya. Kai kana ɗakin baya kana ɗumama jiki, koci yana zarya tsakaninka da teburin alƙalai, yana ƙirga saura mutum nawa kafin a zo kanka, yana leƙen abin da abokan hamayya suka rubuta. Yana da damar sauya lambarka sau biyu, su ma haka. Sai ka ga wannan ya ƙara kilo ɗaya don ya tura wancan gaba bai huta ba, wancan ma ya rama. In ka taɓa ganin dillalai a kasuwar shanu suna ciniki kowa na ɓoye farashinsa na gaskiya, to ka ga teburin nan.

Kocinmu yana da wani tsohon kaset na gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996, ajin kilo 64, da yake sa mana har hoton ya fara rawa. Naim Suleymanoglu na Turkiyya ne da Valerios Leonidis na Girka. Naim ya fita daga fizga da 147.5, Leonidis da 145. A saɓa-da-tura dukansu suka buɗe da 180. Naim ya ɗaga 185. Leonidis ya tsallake ya nemi 187.5, ya ɗaga, jimillarsu ta zo ɗaya, 332.5, kuma da yake ya fi Naim rashin nauyin jiki, shi ke gaba bisa dokar lokacin. Naim ya fito a damarsa ta ƙarshe ya ɗaga 187.5, ya kai 335. Leonidis ya nemi 190, ƙarfen ya ƙi. A nan koci yake tsayar da kaset ɗin ya ce mu faɗa masa inda aka ci wasan. Mu ce a 187.5 ɗin ƙarshe. Ya girgiza kai ya ce tun a fizga, da kilo biyu da rabin nan da ba wanda ya yi wa tafi sosai.

Labarin Naim ɗin kansa abin a tsaya a kai ne. A Bulgeriya aka haife shi a 1967, cikin tsirarun Turkawan ƙasar, kuma tsayinsa bai wuce mita 1.47 ba. Ya taso a hannun koci Ivan Abadjiev, wanda tsarinsa shi ne a ɗaga kusan iyakar ƙarfi kullum, sau da yawa a yini. Da gwamnatin ƙasar ta tilasta wa Turkawa sauya sunaye, aka mayar da shi Naum Shalamanov. A ƙarshen 1986 ya sulale daga tawagarsu a birnin Melbourne na Ostareliya ya nufi Turkiyya, kuma sai da Turkiyya ta biya Bulgeriya kimanin dala miliyan ɗaya kafin a bar shi ya shiga Olamfik ta Seoul a 1988. A can, a ajin kilo 60, ya fizgi 152.5, ya tura 190, wato ninki uku na nauyin jikinsa da ƙarin kilo 10. Jimillarsa ta 342.5 ta zarce ta na biyu da kilo 30, ta ma fi ta wanda ya ci zinare a ajin da ke samansa. Ya sake cin zinare a Barcelona a 1992, sannan na Atlanta.

Amma abin da ya fi zama a raina Olamfik ta Sidni ce, a 2000. Ya dawo bayan ya yi ritaya, yana da shekara 33, yana neman zinare na huɗu. Ya buɗe fizga da 145, ya kasa. Ya sake, ya kasa. Ya sake. Shi ke nan, mai zinare uku ya koma gida ba maki ko ɗaya. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da zinare kaɗai ya kai shi, azurfa ba za ta ƙara masa komai ba. Matsalar ita ce samarinmu da ba su da ko tagulla suna buɗewa irin buɗewarsa. Na ga wani yaro da ya fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba, a atisaye kowa tsayawa yake ya kalle shi. Ranar gasa ya dage sai ya buɗe da abin da sau ɗaya ya taɓa ɗagawa, don 'yan garinsu sun cika benci. Jar fitila uku, wato alƙalai uku duk sun ƙi, sau uku. Na ƙarshen ma ya kai ƙarfen sama, amma gwiwar hannunsa ta ɗan lanƙwashe ya ƙarasa da turawa, kuma alƙalai ba sa yafe wannan. Ya zauna a bayan labule da tawul a ka, mu da muke ƙasa da shi muka raba lambobin.

Dokar kocinmu a nan ba ta da sassauci: na farko ya zama nauyin da za ka iya ɗagawa ko an tashe ka daga barci, na biyu abin da ka zo yi, na uku kuma na teburi ne, shi zai zaɓa gwargwadon abin da wasu suka yi. Ko na ji jikina yana neman ƙari, in na ce "Koci, a ƙara biyar," sai ya ce, "Ka fara sa suna a allo tukuna, ɗan samari."

Sikeli ma wani fagen ne. A Sidni ɗin dai, karon farko da mata suka ɗaga ƙarfe a Olamfik, mata uku a ajin kilo 75 sun tashi da jimilla ɗaya, 245. Nauyin jiki ya raba gardama: Maria Isabel Urrutia ta Kolombiya ta ɗauki zinare, Ruth Ogbeifo ta Najeriya azurfa. Tun 2017 an soke wannan doka, yanzu wanda ya riga kaiwa jimillar shi ke gaba, kuma na ji daɗin hakan, don na ga yadda ake azabtar da jiki saboda 'yan giram. Ana shiga leda a yi gudu da rana tsaka, a ƙi shan ruwa, a yi ta tofar da yawu a gora. Mai yin haka yana hawa sikeli lafiya, amma ƙafarsa rawa take yi a kan dandamali. Ni abin da ya yi mini aiki shi ne na zauna kusa da nauyin ajina duk shekara: wake, ƙwai, kindirmo, gyaɗa, nama in aljihu ya yarda, a rage tuwon dare in gasa ta matso. Da azumi kuma mu mayar da atisaye mai nauyi bayan sallar asham, da rana a yi ta gyaran motsi da sanda kawai.

Maganar allura da ƙwayoyi kuwa, ba wanda ya daɗe a harkar nan bai ji tayinsu ba. Wani zai ja ka gefe ya ce yana da abin da zai ƙara maka kilo goma cikin wata ɗaya. Nakan tuna Maryam Usman ta Najeriya. A Olamfik ta Beijin a 2008 ta zo ta biyar a ajin mata mafi nauyi. Shekara takwas bayan haka aka sake gwada fitsarin da aka adana, aka kama 'yar Yukren da 'yar Kazakistan da suka zo ta biyu da ta uku, tagulla ta dawo hannunta. Haƙƙinta ya fito, amma hawa mumbari a gaban duniya, da abin da zai biyo baya na kyauta da tallafi a lokacin da take tsakiyar ƙarfinta, waɗannan ba a aiko su daga baya.

Na bar gasa ne da gwiwa ta fara ƙara in na tsuguna, ga kuma iyali. Yanzu da yamma nakan taimaka wa yara a wurin atisaye, kuma ranar gasa ni ne mai zarya zuwa teburi da biro a bayan kunne. Yaran yanzu sun fi mu gata ta wani fannin, don kowa na da waya, yana iya ɗaukar kansa ya kalli inda sandar ta rabu da jikinsa. Takalmin ɗaga ƙarfe mai tudun dunduniya ne har yau ya gagare mu saya, ƙafa biyu gare mu na gwanjo, ana karɓa-karɓa tsakanin wanda ya sauko da wanda aka kira.