Ranar da layin masu bashi ya koma ruwan ƙasa

Talata, Gombe.

Da hantsi Baffa ya aiko yaron shagonsa daga Tudun Hatsi, wai in zo yanzu-yanzu, kwamfuta tana ƙifta masa ido. Na rufe shago na hau acaɓa.

Baffa dillalin wake ne da masara, kuma tun ina firamare lissafinsa a cikin wata tsohuwar manhajar DOS yake (DOS shi ne tsarin da kwamfutoci ke aiki da shi kafin a koma Windows), wadda wani malami ya rubuta masa. Ba hoto, ba linzami, haruffa ne kawai a kan shuɗin allo, layi 25, kowane layi harafi 80. Da tsohon injin ya fara ciwon ajali, ɗansa ya kwashe foldar manhajar ya zuba a laftof, ya sa mata DOSBox, manhajar nan ta kyauta da ta fito a 2002, wadda take kwaikwayon kwamfutar zamanin da. Komai ya tashi lafiya, lissafi bai ɓata ko kwabo ba. Sai launi.

Na tarar da shi zaune a kan buhu, tabarau a ƙarshen hanci. Ya nuna min allon da tsinken sakace. "Ka gani, ɗana? Nan wajen ruwan ɗorawa ne a da. Duk wanda nake bi bashi, layinsa ruwan ɗorawa yake fitowa." Yanzu layin ya koma ruwan ƙasa, baƙin rubutun da ke kansa kuma sai ya bayyana ya ɓace, ya bayyana ya ɓace. Ɗansa ya ce ai sunayen suna nan, a yi haƙuri a karanta haka. Baffa ko kallonsa bai yi ba. Ni dai ina bayan Baffa. Mutumin da ya saba daga bakin ƙofa ya hango rawaya ya san yawan waɗanda ba su biya ba, ba za ka ce masa launi kwalliya ce ba.

Ina ganin ruwan ƙasa haɗe da ƙiftawa na gane inda gizo ke saƙar. A irin wannan allo kowane harafi bayit biyu yake ci a ƙwaƙwalwar na'ura (bayit ɗan ƙaramin ma'aunin ajiyar bayanai ne): ɗaya na harafin kansa, ɗaya na launinsa. Bayit ɗin launi bit takwas ne, kowane bit kuma kamar makunni ne, ko a kunne ko a kashe. Huɗu na launin rubutu, shi ya sa rubutu yake da launi 16. Uku na launin bango, launi 8 ke nan, galibinsu masu duhu-duhu. Na ƙarshen shi ne mai rigimar, domin tun katin CGA na kamfanin IBM a 1981, wato katin da ke fitar da rubutu da launi a allo, aka ba shi aiki biyu, ko dai ya sa rubutu ƙiftawa, ko ya haskaka bango, kuma ba ya yin duka biyun lokaci guda. In ba a ce masa komai ba, ƙiftawa yake zaɓa. Ruwan ɗorawa lambarsa 14, ruwan ƙasa 6. Cire 8 daga 14, ka ga inda rawayar Baffa ta tafi, takwas ɗin ta zama ƙiftawa.

Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa tsohon injin bai taɓa yin haka ba. Na sa aka fito da shi daga ƙarƙashin tebur, ƙurar dusa ta cika fankarsa har ta yi dunƙule. Na cire faifan na jona a nawa laftof, na buɗe AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin umarnin da DOS yake bi da kansa duk lokacin da aka kunna. Ga shi kuwa, layi guda kafin sunan manhajar, malamin nan yana kiran wani ɗan ƙaramin fayil da ke can wata folda daban, wadda ba a kwaso ba. Fayil ɗin kuma ya ƙi kwafuwa, wajen ya lalace.

Ba wata asara ba ce. Aikinsa bai wuce ya kira INT 10h ba, wato umarnin da ke sarrafa allo, da lambar 1003h a cikin AX da sifili a cikin BL (ƙananan ma'ajiyai ne biyu a cikin na'urar), wanda a katin EGA da VGA, magadan CGA, ke nufin a kashe ƙiftawa a ba bango haske. Na rubuta sabo, bayit 8 cif: B8 03 10 B3 00 CD 10 C3. Na raɗa masa suna RAWAYA.COM, na sa shi a sashen autoexec da ke ƙasan fayil ɗin saitin DOSBox, sama da layin da ke tayar da manhajar. Fargabata ɗaya, kada manhajar ta sake saita allo in ta tashi, domin hakan yana dawo da ƙiftawar. Ba ta yi ba.

Baffa ya matso da fuska, ya bi layukan da tsinke, ya tsaya a kan wani. "Wannan mutumin Kumo, ashe har yanzu bai kawo kuɗin buhu goma ba." Nan take ya laluɓo waya a aljihu. Ban samu ko sannu da aiki ba sai da ya gama faɗansa.

Na ce zan tafi, ya ce sai na ci abinci. Aka kawo dafa-duka da wake, muka ci a bayan shago, mota tana sauke masara, ƙaiƙayi yana tashi. Ɗansa ya tambaye ni ko ba gara a mayar da komai Excel ba. Na ce ya bari sai bayan kaka, lokacin da ciniki ya lafa, kuma ya tabbata layin bashi ya fito ruwan ɗorawa a can ma.

Kafin la'asar na kwafe foldar duka a filashi biyu, ɗaya na ba Baffa, ɗaya na taho da shi. Ya sa an ɗaura min kwano biyar na wake a bayan acaɓa, ya hana ni maganar kuɗi. Gobe akwai firintar makarantar islamiyyar unguwarmu da ke jirana.