Iskar da ta riga hadari isowa

Laraba, ƙarshen watan Mayu, Zariya

Jiya babu wanda ya kwana a ɗaki. Zafin bazara ya kai maƙura, ga babu wuta, duk muka baje tabarmi a tsakar gida. Tun bayan isha'i ake walƙiya can gabas, da nisa sosai, ko tsawa ba a ji. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Wannan na mutanen gabas ne, ku kwanta."

Wajen ƙarfe biyu sai ga iska kwatsam. Darbejiya ta hau kaɗawa, murfin tukunya ya faɗi yana gangarawa, ƙanena ya zabura yana kwashe shanya. Na zauna ina jiran sanyin nan da ke zuwa da ƙura da ƙamshin ƙasa kafin ruwa ya sauko. Bai zo ba. Iskar da ɗuminta ta zo. Ta lafa, ta dawo, ta sake lafawa, kowace dawowa ba ta kai ta baya ƙarfi ba. Na jawo waya na duba ma'aunin nauyin iska: ya yi tsalle sama lokaci guda, kuma bai sauko ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna, domin abin da muke karantawa a aji ne ya biyo ni har gida.

Idan rana ta faɗi, ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta kwanta luf, mai ɗumi kuma ta zauna a samanta. To shi hadari idan ya zubar da ruwa, sanyayyar iska mai nauyi ce ke zubowa daga cikinsa ta bazu a ƙasa. Da rana ita ce ke iso mana kai tsaye da ƙurarta. Da dare kuwa sai ta tarar da waccan kwantacciyar, ta kutsa ƙarƙashinta ta ɗaga ta, ɗagawar ta zama igiya irin igiyar ruwa, ta yi gaba abinta. Kamar ka tura faranti a cikin baho, ruwa ya taso ya riga farantin isa baki. Shi ya sa ba mu ji sanyi ba: igiyar ta gauraya iskar, ta sauko mana da ɗumin sama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba wucewa kawai take yi ba. Duk inda ta bi tana ɗaga iska mai laima sama, kuma in laimar ta isa, sabon hadari na iya haɗuwa a inda babu alamarsa da magariba. A filayen tsakiyar Amurka yawancin ruwan lokacin zafi da dare yake sauka, hasashensa kuma yana ba masana wahala. Saboda haka a 2015, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Yuli, suka taru a garin Hays na jihar Kansas da jirage da motoci masu na'urar rada mai hango hadari, ƙarƙashin wani shirin bincike mai suna PECAN, suna bin hadarin dare da waɗannan igiyoyi. A arewacin Ostareliya ma, wajen Burketown, irinta tana fitowa da asuba tsakanin Satumba da Nuwamba, dogon naɗaɗɗen gajimare da kan kai kilomita 1,000, sai dai can galibi iskar teku ce ke haddasa ta.

Mu da hadarinmu ke tasowa daga gabas ya nausa yamma cikin dare, mun fi kowa buƙatar sanin wannan. Manomin da ke riƙe da iri yana jiran ruwan shuka, daren nan shi ne rayuwarsa, amma na'urorin auna yanayi a ƙasarmu sun yi kaɗan matuƙa, abin yana damuna.

Da na fito daga masallaci da asuba, ga gajimare jere layi-layi, sirara, daga kudu zuwa arewa. Na nuna wa Baba, na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ruwan fa?" Mu dai ko ɗigo. Amma da hantsi wani abokina da ke Birnin Gwari ya kira ya ce sun sha ruwa kafin gari ya waye.

Da yamma na tura wa 'yan ajinmu na Kano, Funtuwa da Kaduna saƙo: duk daren da iska ta taso ba sanyi, kowa ya rubuta lokacin da ta iso masa. In muka haɗa lokutan da nisan garuruwan, za mu iya lissafa gudunta.