Jirgina da kututturan tafkin Kainji

Shekara uku na yi ina tara kuɗi kafin na samu jirgin da ya kwanta min a rai a Legas. Ɗan ƙarami ne, ƙafa 17, jikin faiba, fari da ratsin shuɗi, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 85 ɗaure a bayansa. Na hannu ne, amma mai shi ya riƙe shi da kyau. A babbar mota muka ɗauko shi har Yawuri, kwana biyu a hanya, duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a ƙirjina.

Wanda bai taɓa shiga irinsa ba zai ɗauka gudun ne kawai abin so. Ni abin da ya kama ni shi ne lokacin da jirgin ke hawa kan ruwa. Kana tafiya a hankali, yana ture ruwa da ƙirji kamar kowane kwale-kwale. Ka ƙara wuta, hancinsa ya ɗaga har ka daina ganin gabanka, bayansa ya nutse, injin yana gurnani. Bayan daƙiƙa huɗu ko biyar sai hancin ya sauko, nauyin duk ya ɓace, ruwan da ke dukan gefe ya koma can baya yana feshi. Sitiyari ya yi sauƙi a hannu, iska ta cika maka riga, hawaye na gudu ta gefen ido. Wata safiya da ruwa ya kwanta lumui, wayata ta nuna kilomita 58 a awa, ni da ƙanena kaɗai a ciki. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Cin mai kam yana ci. In ka buɗe masa wuta duka, lita 30 ba ta kai shi awa guda, ga baƙin mai da ake haɗawa da fetur, lita ɗaya cikin 50. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 na koma fita sau biyu a wata. Kafin in bar gaɓa kuma sai na ga injin yana tsarto ruwan sanyaya shi, na ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu, kowa ya sa rigar kariya. Mu nan ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a 2021 ba, don haka ba na jayayya da kowa a kan rigar nan. Wanda ya ƙi sawa ya zauna a tudu.

A wata na biyu da sayen jirgin na fasa farfela. Bazara ce, ruwa ya ja, ina tafe da gudu sai na ji ƙwas, injin ya yi tsalle, ƙanena ya faɗa gaba ya bugi gwiwa. Wani dattijo Basarke ne ya zo da kwale-kwalensa ya ja mu. Da muka isa gaɓa ya ɗaga farfelar, kunne ɗaya ya karye, biyu sun lanƙwashe, ya juya ta a hannu ya ce, "Yaro, nan da ka bi ai daji ne. Ruwa ya rufe shi kawai."

Gaskiya ya faɗa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka da tsohon garin Busa, aka tashi mutane zuwa sababbin matsugunai, itatuwa da yawa suka rage a tsaye a ƙarƙashi. Bayan damina tafki ya cika, kana wucewa ta kansu ba ka sani ba. Da ruwa ya fara ja sai kawunansu su matso sama, wani taƙi ɗaya ne tsakaninsa da cikin jirginka.

Na ce, "Baba, ko za ka nuna min hanya?" Ya ce in zo bayan asuba. Sati shida muna fita, yana zaune a gaba, ba ya yawan magana, sai nuni da hannu. Ya koya min in lura da inda ruwa ke yin ɗan murɗi ba iska, da inda tsuntsu ke tsaye kamar a kan ruwa, da gorunan roba da masunta ke ɗaura wa kalli da mamari. Shi ya nuna min abin da ban taɓa waiwayawa na gani ba: igiyar ruwan da nake bari a baya. Ya sa na wuce wani kwale-kwale da gudu kaɗan, sannan ya ce in juya in duba. Mata uku ne da buhunan gero, sun riƙe gefe da hannu bibbiyu, ruwa na shiga musu. Kunya ta rufe ni ranar. Abin da nake yi don nishaɗi, su hanyar kasuwarsu ce.

Yanzu ina da wuri guda da nake sakin wuta, tsohuwar hanyar kogin Kwara inda zurfi yake, kuma sai na ga ba kowa. Ko'ina ban da nan a hankali nake bi, ina ɗaga wa masunta hannu. Makon jiya jikar Baba ta yi zazzaɓi mai zafi a tsibirinsu, ya aiko yaro ya kira ni. Tafiyar da ke cin fiye da awa a kwale-kwale, cikin minti 15 muka kawo ta gaɓar Yelwa, shi yana gaba yana nuna min hanya, uwarta ta rungume ta cikin rigar kariya.